Metir Mai Mugun Hannu

Ƙanena ne ya kashe mini sana'a. Uwa ɗaya uba ɗaya, nonon da na saki shi ya kama. Ya sayar wa masu motocin da nake yi wa gyara robar da ya san an daina amfani da ita, da motocin suka riƙa mutuwa a hanya sai ya tashi a gaban dattawan unguwa ya ce kayansa lafiyarsu lau, hannun yayansa ne ke da abu. Na fara da wannan don kada mai karatu ya zaci zan yi ta kewaye-kewaye. Ba ni da ilimin kewaye. Ban gama firamare ba babanmu ya cire ni daga lekol ya damƙa ni a hannun wani makanike ɗan ƙabilar Basa a unguwar Nkololoun, nan Duwala, shi kuwa ƙanena aka bar shi ya yi ta karatu har ya iya Faransanci na takarda da Turancin jikin kwali.

Da na samu 'yanci na kafa rumfata a New Bell, bayan layin dogo. Kwano ne a kan sanduna, ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai, in damina ta sauka ruwan kwata ya shigo har idon sawu muna aiki a ciki. Amma manyan motoci na layi a ƙofata. Masu ɗauko shanu da albasa daga arewa, masu kai siminti da shinkafa har Njamena da Bangi, duk sun san ni. Direbobi ba sa kirana da suna, sai metir, wato ubangidan gareji. Shi kuma ƙanena ya buɗe shagon kayan mota a Camp Yabassi, cikin Inyamurai. Yadda ake yi a nan, makanike ba ya sayen kaya. Ka kwance, ka ba mai mota abin da ya lalace, ka faɗa masa inda zai je ya sayo. Ni kuwa ina zan tura mutum in ba wurin nawa ba? "Je ka wurin ƙanena, ka ce ni na aiko ka." Na faɗi wannan magana har bakina ya saba da ita kamar sallama.

Doka ɗaya maigidana Basan nan ya dasa mini da sifana a ƙeya. Ka cire tsoho, ka ɗora a tafin hannu, ka ɗora sabo kusa da shi. In sun zama tagwaye, ka sa. In ɗaya ya fi ɗaya ko da gashin gira ne, ka mayar wa mai shago. Samfur shi ne littafinmu, mu da ba mu karanta littafi. Da dokar nan na ci abinci na yi aure na haifi 'ya'ya, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sai aka fara shigo da waɗansu motocin Amurka masu dogon hanci, na hannu, ta tashar jirgin ruwa. Injinsu daban ne. A motocin da muka saba, famfon gazuwal, wato dizal, shi ke tura mai cikin injekta. A waɗannan kuwa baƙin mai, wato man injin, shi wani famfo na biyu ke matsawa da ƙarfin da zai huda fatar mutum, ya bi ta wani ɗan bututu ya hau can saman injin ya danna injekta. A bakin bututun nan akwai 'yar roba, zobe, ba ta kai zoben yatsan mace girma ba. Duk wannan dodon mota a kanta ya rataya. In ta cinye, da safe mai na da kauri, motar za ta tashi tsaf. In injin ya yi zafi mai ya tsinke kamar ruwa, sai ya riƙa sulalewa ta gefen robar. Muddin injin na juyawa ba ka da labari. Kana kashewa shi ke nan, ka yi ta murɗa makulli har batir ya ƙare, ba za ta tashi ba sai ta huce don kanta.

Wannan na gano shi da kaina, kuma na yi alfahari da shi. Mota ta zo da ciwon, in kwance, in ciro robar, in tura wurin ƙanena, a kawo sabuwa cikin leda a rufe, in gwada a tafin hannu, tagwaye, in sa. Mota ta tafi tana waƙa. Kafin damina ta zagayo ta dawo da ciwon, wata ma tafiya biyu kawai take yi. In ce ai hanya ce, ai lodi ne, in sake sa wata.

Yaushe direban babbar mota ke kashe injin a hanya? In zai yi salla. Da azahar, rana na tsaka, injin ya ɗauki zafi tun asuba. To ka ga inda maganar ta fito. Aka fara raɗa a tashar manyan motoci cewa motar da metir na bayan layin dogo ya taɓa ba ta tashi bayan salla. Da farko dariya ake yi. Ni ma na yi.

A cikin wannan lokaci wani direba Bafulatanin Garwa, dogo mai son tsabta, ya zo mini da tasa robar da ya sayo a Yawunde. Na ɗora a tafi, na ga ba tagwaye ba. Baƙar robar na nan, amma a bayanta an jingina wani farin zobe mai tauri kamar ƙashi, bututun ma bakinsa ya ɗan bambanta. Na ce masa ba zan sa ba. Ya ce mai shagon ya rantse masa ita ce. Na ce bari mu tambayi mai karatu. Na hau bensikin, wato acaɓa, na je Camp Yabassi na ajiye ledar a kan teburin ƙanena. Ya ɗauka, ya juya, ya karanta rubutun jikinta, na ga leɓensa na motsi har ƙarshen layi. Ya ɗago ya yi murmushi.

"Yaya, wannan ai shinuwa ce, 'yar Caina. Jabu. Ka sa ta ka fasa injin mutane."

Ya ja durowa ya jefa ta ciki, ya miƙo mini irin wadda na saba. Har ya ce a kawo mini lemo mai sanyi. Na sha, na gode masa.

Motar Bafulatanin nan ta wani dillalin shanu ce, tsoho mai jan gemu, wanda ake jin maganarsa a unguwa. A dawowarta daga arewa, cike da shanu, direba ya tsaya azahar a wani fili da ba ko inuwa. Mota ta ƙi tashi. Shanu a cunkushe tun Ngaundere, ƙarfe ya ɗauki zafi, ba ruwa. Kafin ta huce waɗansu sun durƙushe sauran sun tattake su. Waɗanda aka samu da rai aka yanka a bakin titi, waɗanda suka yi mushe aka ja su cikin ciyawa. Direban ya ce mini da ya buɗe bayan motar warin ya sa shi amai.

Ranar Juma'a bayan an sauko, dillalin ya tara dattawa a zauren wani mai faɗa-a-ji na unguwarmu. Aka kira ni aka kira ƙanena. Maganar a fili take: ko kaya ne ba kyau, ko aiki ne. Ƙanena ya zo cikin shadda mai ruwan ƙwai, da leda sabuwa a rufe. Aka kawo wadda aka ciro daga motar. Ya ce mini, "Yaya, gwada musu yadda ka saba." Na ɗora a tafi. Tagwaye. Da bakina na shaida cewa kayansa daidai suke.

Na ɗauka a nan zai tsaya. Sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, ya ce:

"Iyayena, wallahi ba na son in faɗa, yayana ne. Amma dukiyar mutane ce. Motocin nan ba shi kaɗai ke gyara su ba, kuma duk wurina ake sayen kaya. Ku tambayi direbobi, ta wa ce ke ƙin tashi bayan salla? Ce n'est pas la pièce, c'est la main. Ba kayan ba ne, hannun ne. Mu a gida mun sani tun muna yara. Rediyon babanmu, agogon bango, 'yan tsakin Inna, duk abin da ya taɓa sai ya mutu. Marigayi ya sha faɗa. Ba laifinsa ba ne, jarrabawa ce. Addu'a yake buƙata."

Ba mu taɓa yin agogon bango a gidanmu ba. Na buɗe baki in faɗi haka, sai na ji yadda za ta fito: an yi asarar shanu ni ina musun agogo. Wani tsoho ya ce, "Allah ya yaye." Duk zauren ya amsa da amin. Da aka tashi, dillalin ya bi kowa da musafaha, da ya zo kaina ya dafa ƙirjinsa daga nesa.

Ba wanda ya zage ni, da zagi ne da na rama. Motoci kawai suka daina zuwa. Waɗanda ke cikin rumfar aka zo aka ja su da igiya, injinsu a buɗe. Mai shayin da nake sha wurinsa ya koma ajiye mini kofi a kan benci maimakon ya miƙo. Aka yi suna a gidan maƙwabcina, ana zagayawa da jariri maza na karɓa suna tofa addu'a, da aka zo kusa da ni kakar yaron ta ce ya isa haka, yana jin sanyi. A Duwala, a watan zafi. Matata na sayar da makala, wato fanke, da wake a bakin layi, wata mata ta tambaye ta a gaban mutane ko ni ke kwaɓa mata fulawar.

Inna, mahaifiyarmu, ta aiko a kira ni. Tana zaune a gidan da ƙanena ya gyara mata, da tayil da fanka. Ta turo mini ƙwarya da rubutu a ciki, ta ce daga wurin wani malami ne, in riƙa wanke hannu safe da yamma. Na ce wa ya nemo? Ta ce, "Ɗan'uwanka mana. Ka ga yadda ya damu da kai." Kuma na wanke. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har gobe. Na zauna a bayan ɗaki ina cuɗa tawada a tsakanin yatsuna, ina kallon hannuwan nan masu tabon ƙuna da yankan ƙarfe, ina tunanin ko gaskiya ne. Mutum in duk unguwa ta ce masa yana wari, sai ya fara shinshina hammatarsa.

Rumfa ta tafi. Mai filin ya ba wani mai walda. Na koma 'yan buge-buge, janareta, tasi, abin da baƙo wanda bai ji labari ba ya kawo.

Kayan wata tasi ne ya kai ni Camp Yabassi, shagon wani Inyamuri mai tumbi wanda ke shigo da kaya kwantena-kwantena, ƙananan shaguna na sara a wurinsa. Ina tsaye sai ga wani makanike ɗan Bafusam ya nemi robar motocin Amurkan nan. Aka miƙo masa mai farin zobe. Na ce, "Maigida, kada ka saya, shinuwa ce." Inyamurin ya kalle ni ya kwashe da dariya har yana buga tebur.

"Papa, na wich kontri yu komot? Daga wane ƙauye ka fito? Wannan ce ta gaskiya."

Ya ciro tsohuwar daga wani kwali mai ƙura ya jera su. Ya ce masu injin da kansu sun gane robarsu ta farko ba ta jure matsin. Mai na tura ta cikin 'yar tazarar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, yana gutsurarta kaɗan-kaɗan kamar ɓera. Sai suka sake fasali, suka jingina mata farin zoben nan ya toshe tazarar, suka gyara bakin bututun. Tun tuni suka sanar wa masu sayarwa a daina sa tsohuwar. Duk wanda ya sa ta, ko waliyyi ne, sai mota ta dawo.

Na ce to wannan kwalin na mene ne?

"Ragowa. Da yawa suke da, zan zubar a kwata wani ɗan'uwanku Hausa ya ce in bar masa, ya kwashe. Mai shago a kwanar can, mai gilashi. Na ce masa na ol model fa, tsohon yayi ce. Ya ce ya sani, yana da masu so."

"Sabuwar fa, ba ya saye?"

"Yana saye mana, kullum. Makanikai ai sun waye, wa zai karɓi tsohuwa? Sai dai ya ce yana da wani tsohon metir da ke turo masa mutane, shi ba ya son komai sai irin wadda ya cire." Ya sake dariya. "Samfur, samfur! Ka san irinsu."

Na ce na san irinsu. Na biya kayan tasi na fito. Bai san ni ba, kuma ban faɗa masa ba.

Ka ce ai shi ke nan, gaskiya ta fito. Haka ni ma na zata. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya a tasha ina bayani, suna "to, to" suna duba waya. Na je wurin dillalin shanun, ya saurare ni har ƙarshe yana tsefe gemu, sannan ya ce, "Mu ƙaddara haka ne. To duk makanikan Duwala me ya sa kai abin ya faɗa wa? Ai maganar ɗaya ce." Na je wurin Inna. Ba ta ce ƙarya nake ba. Ta ce, "Kai ne babba. So kake ka tona asirin gida a ce 'ya'yana biyu duk sun lalace? Ɗaya ya isa." Shi kuwa gogan, duk sanda na je shagon sai a ce ya tafi banki a Bonanjo. A masallaci ya tsaya sahun gaba ya fita ta ƙofar liman.

Yanzu gadi nake a wani filin ajiye manyan motoci a Japoma, kusa da kogin Dibamba. Mai wurin ya ɗauke ni bisa sharaɗi in buɗe ƙofa in rufe, kada in kusanci bonet. Ina zaune ina jin injin na tari, na san ciwonsa tun daga ƙofa, ba dama in yi magana. Labarina ya riga ni zuwa. Matasan direbobi in sun shigo sai su leƙo ta taga: "Metir, sa hannu a aljihu, zan kashe in yi la'asar!" A yi dariya. Wani har sadaka yake jefo mini daga sama don kada yatsunmu su haɗu.

Bana ƙanena ya biya kujerar Makka. Kowa ya san al'ada, maniyyaci ba ya tafiya sai ya bi dangi an yafi juna. Bai zo Japoma ba, aikowa ya yi in zo gidan Inna, an yi walima. Na je da kayan gadina. Tsakar gida cike, dattawan da suka zauna a zauren nan waɗanda ke da rai duk suna nan, har dillalin shanun, ana cin shinkafa da soya, wato gasasshen nama. Aka yi addu'a. Ƙanena ya taso cikin farin yadi yana ƙamshi, ya durƙusa a gabana yadda kowa zai gani.

"Yaya, tafiya ta zo. Rai a hannun Allah yake. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Na ce, "Wanne ne wanda ka sani?"

Ya ɗan yi dariya ya dubi mutane. "Haba Yaya. Ai haka ake faɗa."

"Faɗi wanda ka sani. Ga su nan, su ne suka ji na farko. Ka gaya musu robar da ka sayar, da wadda ka jefa a durowa."

Inna ta ce daga bakin ƙofarta, "Kai, ranar farin ciki ce." Wani tsoho ya ce a yi haƙuri, Shaiɗan ne. Ƙanena ya matso, ya rage murya, amma ba sosai ba, yana so a ji alherinsa.

"Yaya, c'est le passé, abin da ya wuce ya wuce. Na riga na yi tunaninka. In na dawo ina buɗe sabon shago a Logbaba, ka bar gadin nan ka zo ka zauna mini. Kujera da fanka, ba abin da za ka yi. Kaya dai yara za su riƙa ɗaukowa, ka san halin mutane."

Aka yi ta "Allah ya yi albarka", "ka ga ɗan'uwa". Ya miƙe yana jiran in ce na yafe. Ni ma na miƙe don kada ya ji ta daga ƙasa. Na ce:

"Ban yafe ba. Ka ji da kyau, kada ka je can ka ce ba ka sani ba. Ban yafe ba yau, ban yafe ba ranar da za ka tsaya a Arfa, ka ɗaga hannu ka yi ta kuka, nawa na nan a wuyanka. Kuma ina roƙon Allah kada ka mutu a Makka a ce ka dace. Ka dawo nan New Bell ka mutu a gabana. Ni ne babba, ba ka da wani wa sai ni. Ni zan yi maka wanka, ni zan shiga rami in karɓe ka, da hannuwan nan biyu zan kwantar da kai in juya fuskarka. Ranar sai in ga wanda zai ce in sa su a aljihu."